Kabarin Iyar Rijiya

Shekara talatin da ɗaya ke nan da aka yi wa Akawu wata tambaya a barandar kotu, ya san amsarta sarai, ya ce bai sani ba. Tun daga ranar bai sake buɗe baki a kan maganar ba, ko ga matarsa, ko ga wansa. A cikin sujada kaɗai yakan kawo ta bakinsa, can ma sai ya mayar da ita. Mutum ne da ya ƙare ƙuruciyarsa yana rubuta shaidar mutane, yana kallon yadda ake rantsar da su, har ya san fuskar mai ɓoye gaskiya kamar yunwar cikinsa. Ranar da ya yi ritaya, alƙali ya faɗa a gaban jama'a cewa ba a taɓa kama alƙalaminsa da ƙari ko ragi ba. Akawu ya sunkuyar da kai, mutane suka ɗauka kunyar yabo ce.

Wanda ya yi tambayar wani kafinta ne, Kirista, mai shago a bayan tashar mota. Mahaifinsa bai fi sati biyu da rasuwa ba a lokacin. Ya jira har aka tashi daga kotu, ya tare Akawu da hularsa a hannu, ya ce tsohon ya tafi da tambaya ɗaya a bakinsa: ina aka binne uwarsa? Ya ce shi ba ƙara ya kawo ba, ba ya neman komai a hannun kowa. Wurin kawai yake so a nuna masa, ya tsaya a kai na ɗan lokaci, ya tafi abinsa.

"Ina yaro a lokacin," in ji Akawu. "Ban riski abin ba."

Shekararsa takwas ranar da aka binne ta, kuma a kan katanga yake zaune yana kallo. Da za a rufe masa ido a yau, zai iya takawa daga bakin rijiyar gidansu, taku bakwai zuwa katangar gabas, ya tsaya daidai kanta.

Iyar Rijiya ake ce mata a gidan. Kakan Akawu ne ya saye ta tana 'yar ƙanƙanuwa, ba ta jin harshen kowa, kowa ba ya jin nata. Kakan malami ne, shi da kansa ya koya mata alwala da karatun salla, kuma ta riƙe su riƙon da matan gidan ba su yi ba. Aka haɗa ta da wani bawan gidan, ta haifi ɗa namiji guda, mijin ya mutu. Da dokar gwamnati ta zo ta ce babu sauran bawa da ubangida, ba wanda ya zaunar da ita ya gaya mata, kuma da an gaya mata ma ba ta san hanyar da za ta kama ba. Ta ci gaba da jan guga. Ta goyi mahaifin Akawu, ta goyi wansa, ta goyi shi kansa Akawu bayan bayanta ya riga ya ranƙwafa. Ɗan nata ne ya tsallake katanga yana shekara goma sha huɗu ya gudu wurin Turawan mishan, aka yi masa baftisma. Wannan ɗan shi ne mahaifin kafinta.

Ta rasu da damina. Mahaifin Akawu ya ce hanyar maƙabarta ta cika da ruwa, ba za a iya bi da makara ba, alhali sati biyu kafin nan an bi wannan hanya da gawar wani kawunsu, ruwa har gwiwa, ba wanda ya ce uffan. Mutum huɗu suka yi mata salla a bayan gida, aka haƙa rami, aka rufe tun kafin maza su dawo daga kasuwa. Ba a aika wa ɗanta ba, wai tun da ya bar addini ya bar uwarsa. Shekara na zagayowa aka kafa garken awaki a wurin.

Garken nan shi ya ɗaure wa Akawu harshe a barandar kotu. Ta yaya zai ja mutum ya kai shi gaban kashin awaki ya ce ga kakarka nan? Ga shi kuma mahaifinsa na da rai, yana limanci a masallacin unguwa. Ya ce wa ransa in tsohon ya kwanta dama zai je ya faɗa. Tsohon ya kwanta dama, aka tashi garken, aka mayar da wurin ma'ajiyar tarkace, Akawu bai faɗa ba. Zuwa dai ya sha zuwa. Yakan shirya maganar tun daga gida, ya isa shagon, su gaisa, ya buɗe baki sai ya ji kansa yana cewa a yi masa kujera. Da haka falonsa ya cika. Matarsa takan ce gidan nan kujeru sun fi mazauna yawa, in ya ƙara ɗaya ita za ta fita ta ba ta wuri.

Ran nan da hantsi, yana zaune yana duba jarida, sai wayarsa ta yi ƙara. Magini ne, wanda wan Akawu ya ɗauka ya fitar masa da shaguna huɗu a bayan tsohon gidan, tun da yanzu titi ya biyo ta nan. Ya ce Alhaji, wato wan nasa, ya hana shi kiran kowa, amma shi ya ga gidan na mutum biyu ne, don haka Malam ya zo ya gani da idonsa. Akawu bai tambayi abin da aka gani ba. Ya ninke jaridar a hankali, ya sa hula, ya manta tabarau a kan kujera.

An rushe katangar gabas, an kwashe tarkacen. Rijiyar tana nan da murfin siminti a bakinta, ga igiyoyin awo an ja su tsakanin turaku, ga ramin harsashi ya miƙe ya tsaya cak a tsakiya. Leburori sun koma inuwar wata bishiya a tsallaken titi, sun ajiye diga da shebur, ba mai hira. Magini, wani kakkauran mutum mai furfura a gemu, ya ɗaga fallen kwanon da ya rufe wurin da shi.

Ba wani abu mai yawa ba ne. Ƙasusuwa ne da suka koma launin ƙasar da ta rufe su, ƙanana ƙwarai, kamar na yarinya. Magini ya tsuguna ya nuna da tsinke ba tare da ya taɓa ba. Ya ce shekara talatin yana tona ƙasa, ya sha cin karo da na dabba da na mutum, ya san bambanci. Wannan a kan gefen dama aka kwantar da shi, fuska na duban alƙibla, ga ragowar itacen da aka jera a kai.

"Musulmi ne," in ji shi. "Wanda ya haƙa ramin ya san ƙa'ida, sai dai sauri yake yi. Ko kamu uku bai cika ba."

Wan Akawu yana tsaye a gefe da carbi a hannu, babbar riga ta sha guga. Shekararsa saba'in, shi ne babba a gidan, kuma bai saba a maimaita masa magana ba. Ya ce gidan ya fi shekara ɗari, Allah kaɗai Ya san wanda ya zauna a filin kafin kakansu. Ya ce a mayar da ƙasa a zuba kankare, ai ƙasa ita ce makwancin kowa. Magini ya ce shi siminti yake zubawa, amma ba a kan mutum ba, in Alhaji ya matsa sai dai ya nemi wani. Aka ja, aka ja, daga ƙarshe aka tsaya a kan cewa gobe da an idar da sallar asuba direban Alhaji zai zo da mota da ƙyallen likkafani, leburori biyu su kwashe, a kai maƙabarta a rufe ba tare da an tara kowa ba. Da azahar injin kwaɓa siminti zai iso.

Da magini ya ba su wuri, Akawu ya matsa kusa da wansa.

"Yaya, ka san ko wace ce."

"Na san ka da tone-tone tun kana yaro," in ji wan, bai dube shi ba. "To, ita ce. Sai aka yi yaya? Gobe za ta koma cikin 'yan uwanta Musulmi. Wane gata ya wuce wannan?"

Akawu ya ce tana da jika a garin nan, kuma jikan ya taɓa tambaya. Nan wan ya juyo. Ya ce in aka gaya wa mutumin nan, kafin la'asar za a ga 'yan coci sun cika layin da gicciye da waƙe-waƙe, samarin unguwa kuma ba za su tsaya kallo ba, shi ba zai buɗe ƙofar fitina da hannunsa a kan ƙashin da ya shekara hamsin da biyar a ƙasa ba. Ya ce kuma wa ya ce an zalunce ta? Abin da suka ci shi ta ci, ɗakinta bai taɓa yoyo an bar shi ba, ta mutu da kalmar shahada a bakinta. Da an bar ta inda aka ɗauko ta, da dutse za ta mutu tana yi wa sujada. In ana neman waɗanda suka wulaƙanta bayi, a je a tambayi waɗanda suka jera mutane a cikin jirgin ruwa kamar buhuna, da limaminsu a tsaye yana sa wa tafiyar albarka. Addinin waɗannan shi ɗan nata ya zaɓa.

Akawu ya sha jin wannan magana. Shi kansa ya sha faɗinta, a majalisa da wurin ɗaurin aure, duk lokacin da wani ɗan boko ya tayar da zancen, kuma ya san ba duka ce ƙarya ba. Amma yau ramin yana buɗe a gabansa.

"Ba Turawa suka kawo ta gidan nan ba, Yaya. Kakanmu ne."

Sai ya tuna masa abin da mahaifiyarsu ta sha ba su labari tana dariya. Kakan mutum ne mai saurin rantsuwa, sau huɗu yana karya ta a sanin mutanen gida. Ya san hukuncin sarai, shi yake koyar da shi: ko ya ciyar da miskinai goma, ko ya tufatar da su, ko ya 'yanta baiwa ko bawa. Sau huɗu ya zaɓi ciyarwa. Kuma duk sau huɗun, Iyar Rijiya ce ta ɗebo ruwan, ta hura wutar, ta dafa abincin, ta fitar wa miskinan.

"Shari'a ta ba shi zaɓi," in ji wan.

"Ta ba shi. Ita ce ba a ba wa ba."

Wan ya mayar da carbinsa aljihu. Ya ce shi ya gama magana, gobe da asuba mota za ta zo, kuma in Akawu ya kuskura ya kawo masa arna cikin gidan ubansu, to, ya san ba shi da wa. Ya shiga motarsa ya ja ƙofa.

A gida matar Akawu ta kawo masa abinci, ya wanke hannu ya zauna bai taɓa ba. Ta tsaya tana kallonsa, ta tambaya ko hawan jinin ne. A nan, da rana tsaka, tsakanin kujerun nan da suka cushe falon, ya gaya mata duka, tun daga katangar da ya hau har zuwa barandar kotu. Ya yi zaton za ta yi salati ko ta yi kuka. Ta ɗauki murfi ta rufe kwanon don ƙuda, ta ce daman ta daɗe da sanin ba son kujera yake yi ba, mutumin da ke zama a tabarma. Ta ce ita ba ta yi karatun da za ta raba masa gardama da Yaya ba. Abin da ta sani shi ne uwarta na kwance a garinsu, ta san wurin, kuma da wani zai san wurin ya ɓoye mata, ba za ta so su haɗu a lahira ba.

"Yaya ya ce in na je ba ni da wa."

"Yaya ya faɗi haka ranar rabon gonar Baba, ya faɗa ranar auren Auta. Har yanzu wanka ne." Ta miƙa masa tabaransa. "Ka tashi, Malam, shagon na rufewa da magariba."

Bai tashi nan take ba. Ya yi sallar la'asar, ya daɗe a zaune a kan darduma yana nema wa kansa hanya. Ya ce ko ya rubuta takarda ya aika. Ya ce ko ya bari sai an kai ta maƙabarta, ya bi direban ya ga wurin, daga baya ya nuna wa kafinta kabari mai kyau a cikin jama'a, ba sai an ambaci rijiya da awaki ba. Wannan dabarar ta kwanta masa ƙwarai, har ya ji sanyi a ƙirji. Sai da ya juya ta sau biyu ya gane irin shaidar da ya sha rubutawa ce, wadda kowace kalma a cikinta gaskiya ce amma an jera su don a ɓatar da alƙali. Ya naɗe dardumar ya fita.

Shagon kafinta rumfar kwano ce mai zurfi, gabanta buɗe. Katakai na jingine a bango bisa ga tsawonsu, ƙasa ta rufe da dusar katako mai laushi, ga warin gam da na fenti. An jera dogayen bencina guda shida na coci, ba a shafe su ba tukuna. A can ciki, a kan jakai biyu na katako, akwai akwatin gawa da ba a sa wa murfi ba. Kafinta yana tsaye yana goge gefen wani benci, fensir a bayan kunne. Ya tsufa shi ma, ya zama dattijo a cocinsu, gashin kansa fari fat, amma hannuwan suna nan da ƙarfinsu.

"A'a, ɗan ubangidana," in ji shi, yadda ya saba tsokanarsa. "Yau kuma wace iri za a yi? Mai hannu ko marar hannu? Ka gaya wa Hajiya ba ruwana, kai kake kawo kanka."

"Dattijo, yau ba kujera ta kawo ni ba."

"To, in akwati ne ka makara, wancan da mai shi. Ku kuma ba kwa shiga akwati, kun fi son a naɗe ku kamar tabarma."

Akawu bai yi dariya ba. Kafinta ya dube shi da kyau, ya ajiye abin gugar, ya share wani benci da tafin hannu ya nuna masa. Akawu ya ƙi zama. A tsaye ya faɗa, kamar yadda ake ba da shaida, ba ƙari ba ragi: cewa ya yi masa ƙarya a barandar kotu, cewa yana kan katanga ranar, cewa mutum huɗu ne suka yi salla, cewa an kafa garke a kai, cewa yau diga ta taɓa ta, kuma gobe da asuba za a kwashe ta ba tare da sanin kowa ba. Ko maganar awakin bai tsallake ba.

 Kafinta ya zaro fensirin daga bayan kunne, ya juya shi, ya mayar. A waje masu lodin mota suna kiran fasinja.

"Na sani," ya ce daga baya. "Tun ranar na san ƙarya kake. Ka ce ba ka riska ba kana kallon takalmina. Duk kujerar da ka zo nema, nakan ce yau zai faɗa. Goma sha ɗaya na yi maka."

Ya zauna a kan bencin da ya share wa baƙonsa. Ya ce bari shi ma ya faɗi nasa, tun da yau ranar faɗa ce. Ya ce Turawan mishan sun karɓi ubansa hannu biyu, sun wanke masa ƙafafun da suka tsattsage, sun koya masa karatu da wannan sana'ar da yake ci da ita har yau, kuma ba zai taɓa musun wannan ba. Amma sun cire masa sunan da uwarsa ta raɗa masa tun ranar farko. Sun tsayar da shi sun ɗauke shi hoto da sarƙa a ƙafa don a aika ƙasarsu, sarƙar da ko a gidan su Akawu ba a taɓa sa masa ba. Shekara tara ya yi yana noma gonarsu, ba ya fita sai da izini. Sau biyu ya lallaɓa ta bayan gida ya roƙi uwarsa ta biyo shi, don an gaya masa in ta mutu a haka wuta za ta. Ita kuma ta riƙe hannunsa tana kuka, don an gaya mata shi ne zai shiga wutar. Kowannensu ya koma yana jin tsoro saboda ɗayan.

Ya ce labarin mutuwarta a kasuwa uban ya ji, bayan kwana tara, a bakin mai sayar da igiya. Ya je ƙofar gidan aka ce masa maigida ba ya nan. Ya koma coci ya roƙi a ambaci sunanta a addu'ar Lahadi, aka ce masa ta mutu a waje, ba a ambaton irin su a gaban bagade.

"Ku kun ce ba naku ba ne shi, mu mun ce ba tamu ba ce ita," in ji kafinta. "Ku a masallaci kafaɗa da kafaɗa, mu a coci benci ɗaya. Na yarda, ni nake yin bencin. Amma shekara shida da suka wuce ɗana ya nemi 'yar wani dattijo ɗan uwana a coci, wanda muke cin jibin Ubangiji tare, sai dattijon ya aiko a tambayi asalinmu. Ka san amsar da aka kai masa."

Akawu ya ce bai san wannan ba. Kafinta ya ce ina zai sani, ai kujera yake zuwa saye.

Sai Akawu ya faɗi abu ɗaya da bai shirya faɗa ba. Ya ce yana yaro a tabarmarta yake barcin rana, kuma duk sallar da ta idar takan ɗaga hannu ta kira sunan ɗanta, sunan farko, ta roƙi Allah Ya tsare shi a inda yake. Bai taɓa jin ta tsine masa ba, ko sau ɗaya.

Kafinta ya rufe ido. Da ya buɗe su, babu wasa a cikinsu ko kaɗan.

"Shekara ashirin da huɗu tsohon ya rayu bayanta. Kana wucewa ta ƙofarsa za ka makaranta, kana wucewa za ka kotu. Wannan maganar kaɗai da ta ishe shi."



Can kafinta ya juya ya dubi akwatin da ke kan jakai, ya daɗe yana dubansa, kamar mai auna katako da ido. Sannan ya girgiza kai. Ya ce Musulma ce, da bakinta ta gaya wa ubansa, ba zai sa ta a abin da ba ta zaɓa ba, an yi mata hakan ya isa. A naɗe ta a likkafani, a yi mata abin da ake yi. Ba zai zo da kowa ba, ba waƙa, ba gicciye. Amma leburori ba za su taɓa ta ba. Shi zai sauka ramin ya kwashe ta da hannunsa, shi zai riƙe ta a mota, kuma zai tsaya a bakin kabarin har a rufe, ko a bar shi ya shiga maƙabartar ko a hana.

"Wanka zai yarda?"

"Ba zai yarda ba," in ji Akawu. "Amma rabin gidan nawa ne, kuma rijiyar a rabina take. Zan zo in ɗauke ka kafin direban ya iso."

"Kada ka ɗauka na yafe. Ban san ko zan iya ba. Gobe a coci zan ce wa mutane su yafe, ni ban sani ba."

"Ban roƙa ba, Dattijo."

Kafinta ya miƙe ya fara tattara kayan aikinsa, yana rataye kowanne a ƙusarsa. Yana juya baya ya ce, kamar mai magana da bango, abin da ya fi ci wa tsohon rai har ya mutu ba kabarin ba ne kaɗai. Kwana bakwai ya shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakinsa ya zauna, yadda ake yi in an yi rashi, ko wani daga gidan da uwarsa ta yi wa bauta shekara sittin zai zo ya ce masa sannu. Ko yaro ba a aiko ba.

Akawu ya tsaya yana kallon bayan mutumin. An fara kiran sallar magariba daga masallacin tasha. Ya sunkuya da ƙyar, ya cire takalmansa ya ajiye a gefe, ya tsuguna a kan dusar katako da farar rigarsa.

"Dattijo," ya ce. "Ya haƙuri? Ya ƙarin haƙurinmu? Allah Ya jiƙan Iya, Ya sa ta huta."

Kafinta ya juyo da zarto a hannu. Ya dube shi a tsugune, ya daɗe. Sannan ya rataye zarton, ya jawo wani guntun katako ya zauna a kai, daidai tsayin baƙonsa.

"Amin," ya ce.